Sunan da Aka Ajiye

"Tsaya, tsaya! Me na ji ya yage?"

Badaruddeen ya ɗago tsinken ƙarfen a hankali ya duba bakinsa. Rabin harafi ne maƙale a jiki, ɗan mitsitsi, ruwan hoda, ya nannaɗe kamar ɓawon albasa.

"Ba komai," ya ce.

"Ba komai ba ya ƙara, Malam." Muryar matarsa Mashkura ce daga cikin wayar da ya kwantar a gefen tebur. "Ledar da ke kewaye za ka ɗebe, harafin ka bar shi a zaune. Ka ɗan ɗaga wayar mana in ga ɓarnar da kake min. Tun ɗazu ba abin da nake kallo sai fankar ɗakinmu."

"Fankar ma ta yi kewarki."

Bai ɗaga wayar ba. Da gangan ya kwantar da ita tana kallon sama, don kada Mashkura ta ga sunan da yake yankawa. Ita tana can asibiti a cikin gari, a ɗakin masu jego, da ɗinkin tiyata a cikinta. Shi kuma yana nan Jikwoyi, zaune a kan kujerarta, gaban injinta, yana gumi a kan aikin da bai taɓa ɗauka aiki ba.

Injin ɗan ƙarami ne, fari, in ba a faɗa maka ba sai ka ce na buga takarda ne. Sai dai shi ba tawada yake zubawa ba, 'yar wuƙa ce a cikinsa mai bin layin duk abin da aka rubuta a kwamfuta. Akan shimfiɗa masa wata leda mai laushi ya yanka suna ko fure ko tauraro, a tsince abin da ba a so da tsinke, sannan a ɗora sauran a kan tufa a danne da zafi. Da wannan Mashkura take ƙawata rigunan jarirai da huluna da tawul da jakunkunan goyo, har daga Kubwa da Gwarinpa ake aiko mata. Badaruddeen kuwa, in ya dawo daga ma'aikatarsu ya tarar da ita ta duƙufa, cewa yake yi, "Har yanzu ana wasan 'yar tsanar?" To, kowa ya raina tsayuwar wata ya hau ya gyara. Yau ga shi ya hau, kuma yanzu yanka na uku zai yi. Na farko ya manta bai juya rubutun ba, alhali ta faɗa masa har sau biyu cewa a juye ake yankawa don ya fito daidai a jikin tufa. Na biyu kuma yatsunsa ne suka ci amanarsa.

"Ikon Allah," in ji Mashkura. "Ni da nake jin sunan jariran Abuja kafin kakanninsu su ji, yau sunan tawa ake ɓoye min."

"Za ki ji in na yi mata huɗuba."

"To ka yi sauri dai. Sista ta ce bayan azahar za su bar ka ka shiga. Ƙaramar hular nan fara za ka ɗauka, tana cikin kwando na ƙasa. Kuma don Allah ka wanke hannu kafin ka taɓa ta."

Ya ce to, ya kashe wayar.

Yau ne ranar suna. Ba rumfa, ba kujeru, ba tukwane a waje. Yarinyar bakwaini ce, ta zo wata biyu kafin a zace ta, kuma tun ranar tana cikin kwalba, akwatin gilashin nan da ake ɗumama jarirai a ciki. Sau biyu ya leƙa ta daga taga, ya ga wayoyi sun fi ta yawa, bai ƙara ba. A jikin kwalbar an liƙa kati an rubuta jaririyar Mashkura, kamar kayan da aka ba da ajiya. Abin nan ya tsaya wa Mashkura a rai. Ta ce ba ta roƙi taro ba, ba ta roƙi lalle ba, amma 'yarta ba za ta wuce kwana bakwai ba suna ba, kuma ba za ta rasa hular da 'ya'yan mutane suke samu daga hannunta ba. Liman ma ya ce suna ba ya jiran taro. Rago na ɗaure a bayan ɗaki, mahauci zai zo bayan la'asar.

Sunan kuwa ai ba wanda bai san shi ba. Hajiya Batulu, mahaifiyar Badaruddeen, a ɗakin nan na kusa ta yi jinyarta ta ƙarshe bara kafin a kai ta asibiti, Mashkura ce mai juya ta, mai shafa mata mai a ƙafa. Tun da aka binne ta dangi suka yanke cewa macen farko da za a haifa a gidan nan ita ce Hajiya ta dawo. Shi da bakinsa ya faɗa, ranar da hoton asibiti ya nuna mace ce. Amma sunan da ke kan kwamfutar yanzu Hafsah ne.

Ya sake shimfiɗa leda, ya danna. Injin ya ja ta ciki yana 'yar ƙara, ya kai ya kawo, ya turo ta waje. Wannan karon ya riƙe numfashi, ya bi haruffan ɗaya bayan ɗaya, yana tsince 'yan ƙananan cikin da ke tsakiyarsu. Yana cikin haka Yaya Nazeefa ta ɗaga labule da fulas biyu a hannu. Babbar yayarsa ce, ta zo daga Zariya don jego, ta tarar da jegon da ba jariri a gida. Ta ajiye kunun kanwa da farfesun da ta yi wa mai jego, ta sunkuya ta karanta abin da ke gabansa. A juye yake, amma ta gane.

"Ka kyauta, Badaru," ta ce a hankali.

Bai ɗago ba.

"Na san ranka ba ya so. Ni ma ba don ina so na faɗa maka ba. Rai na Allah ne, yana iya raya ta ta binne mu duka. Amma ka ga yarinyar nan da idonka. Sunan Hajiya sau ɗaya ake sa shi a gida. Ka ajiye shi, Allah zai kawo wata mai ƙwari."

"Na ji, Yaya."

"Ba ka ji ba." Ta zauna a bakin gado, ta ja mayafinta ta goge ido. "Ni na wanke Hajiya da hannuna. Ba zan iya ɗaukar waya in sake jin an ce Batulu ta rasu ba. Wallahi ba zan iya ba."

Wannan maganar ce ta kama shi tun jiya, don shi ma abin da yake tsoro ke nan, bai dai sami bakin faɗa ba. Yaya Nazeefa ba muguwa ba ce. Ita ta goye shi, ita ta sayar da awarwaronta lokacin da zai shiga jami'a, kuma a daren da aka yi wa Mashkura tiyata ita ta kwana a kan sallaya. Tsoro ne kawai irin na wanda bai gama warkewa ba, kuma tsoron nan nasu ne su biyu.

Ya gama tsincewa, sunan ya fito tsaf a kan farar ledarsa mai danƙo. Ya wanke hannu, ya ɗauko hular, ya kunna abin dannawa mai zafi. Fitilarsa ta kawo ja, ta yi kamar za ta yi kirki, sai fanka ta fara rage gudu. An ɗauke wuta. Mutumin Jikwoyi ba ya mamakin wannan, tsaki kawai yake yi. Ƙaramin janaretan gidan kuma ba ya ɗaukar duk wani abu mai zafi, ko dutsen guga ne.

Ya sake kiran Mashkura.

"Ka je wurin Maman Jacob," ta ce ba tare da ta yi tunani ba. "Tana da dutsen guga na gawayi, shi nake ara in wuta ta yi min haka. Kada ya yi zafi sosai. Ka ɗora farin ƙyalle a sama, ka danna, kada ka goga. Danna kawai, ka karanta Fatiha ɗaya a nutse, ka ɗaga."

"Fatiha?"

"Ita ce agogona. Kuma ka tabbata ya zauna daidai kafin ka danna, don in ya kama ya kama ke nan, ba ya fita."

Maman Jacob maƙwabciyarsu ce, katanga ɗaya ta raba su, tana sayar da gasasshiyar masara a bakin titi. Ya same ta tana fifita wuta. Tana jin abin da ya kawo shi ta ajiye mafici, ta zuba garwashi a dutsen da kanta, ta biyo shi har gida tana hura shi.

"Oga Badaru, yaya bebi? Yana shan nono?"

"Ta tiyo ake ba ta. Da sauƙi dai."

"Zai tashi. Jacob nawa haka aka haife shi, ƙarami kamar ɓera, yanzu kwano biyu ba ya isan shi. Kawo hula, kai ba ka iya ba."

"A'a, ni zan yi. Umarni aka ba ni."

Ta yi dariya, ta gwada zafin dutsen da yawu a yatsa, ta miƙa masa. Ya daidaita sunan a goshin hular, ya rufe da ƙyalle, ya danna. Ya karanta Fatiha, bakinsa na karatu zuciyarsa na wani wuri. Da ya ɗaga, ya bari ya huce, ya ɓare ledar saman a hankali. Haruffan sun zauna ɗas, kamar da su aka saƙa hular. Maman Jacob ta leƙo ta karanta da ƙarfi, harafi harafi, sannan ta dube shi.

"Hafsah? Ah ah. Ba sunan Mama ba? Madam ya ce min sunan Mama za a sa."

"An canza shawara," Yaya Nazeefa ta amsa daga bakin ƙofa.

Maman Jacob ta dubi wannan ta dubi wancan. Mace ce mai hankali, ta ɗauki dutsenta ta ce Allah ya raya, ta fita.

Hanyar Nyanya ba ta san mai sauri ba. Tun daga Karu motoci suka cushe, masu sayar da ruwa da gyaɗa suna ratsawa tsakaninsu, wani direban bas ya fito da kai yana zagin wanda bai ma san da shi ba. Badaruddeen ya zauna a tsohuwar motarsa, fulas biyu a kujerar gefe, hular a aljihun gaban rigarsa cikin 'yar jaka mai tsabta. Yana ta shirya maganar da zai faɗa wa Mashkura. Zai ce Hafsah sunan matar Annabi ne, wa zai ƙi shi? Zai ce Hajiya da kanta tana son sunan. Kafin ya wuce shingen sojoji ya shirya magana kusan kala biyar, kuma ko ɗaya bai yarda da ita ba shi kansa.

Ya tarar da ita zaune a bakin gado a ɗakin masu jego, ta juya wa ƙofa baya, tana tatsar nono a wani ɗan kofi. Matan ɗakin duk haka suke, jariransu na kwalba, su suna nan suna aika musu abinci. Ta rame, idanunta sun faɗa, amma da ta gan shi sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta yi murmushi.

"Oga mai inji, sannu da aiki. Leda nawa ka kashe min?"

"Biyu kacal."

"Ka yi ƙoƙari. Ni ranar farko sai da na yi kuka." Ta rufe kofin, ta miƙa hannu. "Kawo in duba aikin. Ba sai na karanta ba, gefen kawai zan taɓa in ji ko ya kama."

Ya san ƙarya take, ita ma ta san ya sani. Ya ciro jakar ya ba ta. Ta fito da hular, ta shimfiɗa ta a tafin hannu, ta bi haruffan da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe. Ta daɗe tana kallo.

"Ya kama," ta ce. "Ba inda ya ɗaga."

"Mashkura..."

"Hafsah suna ne mai kyau. Allah ya sa ta yi halin mai sunan."

Duk maganganun da ya shirya a hanya suka watse. Da faɗa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ninke hular a hankali ta mayar cikin jaka, sannan ta yi magana ƙasa ƙasa don kada matan ɗakin su ji.

"Haƙƙinka ne, Malam, kai ne uba, ba zan ja da kai ba. Amma kada ka ce min don kyan sunan ne. Ka ajiye na Hajiya ne wa wadda za ta rayu."

Ya sunkuyar da kai.

"Ban ga laifinka ba. Kai daga taga kake ganinta. Ni kuma kullum sai na sa hannu na taɓa ta." Ta dubi ɗan kofin da ke gefenta. "Ka ga wannan? Da ƙyar nake samun abin da zai rufe gindin kofin, ina yi ina jin kamar ɗinkin zai buɗe. Amma ban taɓa cewa bari in rage wani abu in ajiye wa wata mai zuwa ba. Ita ce dai a gabana."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu kamar abin ya ba ta haushi. Ya ji kunya, ya ji tausayinta, ya kuma ji tsoron nan yana nan inda yake bai motsa ba. Ya kama hannunta, ta bar masa, amma ba ta dube shi ba.

Sai ga Sista Lydia, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da ɗakin jariran, doguwa mai tabarau, ta leƙo.

"Baban bebi ya zo? Oya, zo yanzu kafin likita ya dawo. Kawo nono kuma, Madam."

Ta sa shi ya cire takalmi da agogo, ta ba shi koriyar riga da abin rufe baki, ta tsaya a kansa yana wanke hannu har gwiwar hannu. Ɗakin da ɗumi, ba a jin komai sai ƙarar na'urori. Ta kai shi kwalba ta ƙarshe kusa da bango, ta buɗe wata 'yar taga zagayayya a gefe.

"Sa hannu. Kada ka shafa shi, ba ya so. Ɗora kawai."

Bai taɓa ganinta kusa haka ba. Tana kwance rub da ciki, fatarta ja, haƙarƙarinta na hawa da sauka da sauri. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsansa ba. Ya ɗora hannu a bayanta, hannun ya rufe ta tun daga wuya har ƙugu. Ɗumi ya ji, da bugun zuciya mai sauri a ƙarƙashin tafinsa. Ya lura an sa wa hannunta ɗaya safa an ɗaure.

"Me ya sami hannun?"

"Ba komai, mu muka rufe." Sista Lydia ta yi ƙwafa tana murmushi. "Wannan yarinya, ka gan shi ƙarami haka, ya fi kowa rigima a ɗakin nan. Tiyo na hanci, mun sa, ya cire. Mun sake sa, ya sake cire. Jiya ina juya baya ya kama shi kuma. Ban san inda yake samun ƙarfi ba."

Kamar ta ji ana maganarta, yarinyar ta yamutsa fuska, ta ɗaga hannun mai safa tana laluben hancinta. Ba ta samu ba, ta sake gwadawa.

Dariya ta kuɓuce wa Badaruddeen a cikin abin rufe bakin, dariyar da ta zo da hawaye. Ya san wannan rigimar. Haka Hajiya ta yi da ma'aikatan asibiti a kwanakinta na ƙarshe, su sa mata robar iska ta cire, su mayar ta cire, tana cewa ita ba akuya ba ce da za a ɗaure. Kuma da ya tuna ta, sai ya tuna ta gaba ɗaya. Hajiya ba ta san ajiya ba. In an yanka kaza a gidansu na Zariya, ba mai gida take ba cinya ba, ba kuma babban ɗa ba, yaron da ke kwance ba lafiya take kai wa. In an ce ai ba zai iya ci ba, asara za a yi, sai ta ce ko ya lasa ya san an so shi. Da tana raye aka ce mata an hana wannan 'yar sunanta don ba ta da ƙwari, da ba wanda zai kwana lafiya a gidan.

Tsoron bai tafi ba. Ya dubi wayoyin, ya dubi ƙirjin nan mai hawa da sauka, ya san babu wanda ya yi masa alkawarin komai. Amma ya ga cewa in yarinyar nan ta zauna, ba zai so ta girma ta ji cewa an taɓa auna ta aka ga ba ta kai ba. In kuma tafiyar ce, gara ta tafi da sunan da Hajiya za ta gane ta da shi.

Ya janye abin rufe bakin kaɗan, Sista Lydia ta ɗaga yatsa, ya mayar. Ya durƙusa har bakinsa ya zo daidai 'yar tagar. Ya yi bisimilla, ya yi salati, ya yi mata addu'ar da aka yi masa yana jariri, ya roƙa mata imani da lafiya da tsawon rai. Sannan ya kira ta a hankali.

"Batulu. Sunanki Batulu."

Yarinyar ba ta buɗe ido ba. Ta dai bar laluben hancin, ta sauke hannu.

Sista Lydia ta zaro biro daga aljihu, ta cire katin da ke jikin kwalbar. "Faɗa min in rubuta." Ya faɗa, ta rubuta da manyan baƙaƙe ta mayar. "Madam ya ce akwai hula. Kawo in sa a wanke kafin mu sa masa."

Ya taɓa aljihunsa ta saman koriyar rigar.

"Wannan ba tata ba ce, Sista. Gobe zan kawo tata."

Ya fito baranda, ya ciro waya. Ya kira Yaya Nazeefa, don ya fi so ta ji daga bakinsa kafin mahauci ya tambaya.

"Yaya, in mai yanka ya zo, a yanka da sunan Batulu."

Ya ji tana jan hanci.

"Badaru, ka san abin da ka ɗauko mana?"

"Na sani, Yaya. Ki zo gobe ki gan ta kusa, ba ta taga ba."

Ta yi kuka sosai, bai hana ta ba. Daga ƙarshe ta ce, "To Allah ya raya mana ita. Allah ya raya ta," ta kashe wayar.

Ya koma ɗakin masu jego. Mashkura na nan inda ya bar ta, ta zuba kunun a kofi amma ba ta sha ba. Ta ɗago ta dube shi. Shi kuma ya tsaya a gabanta yana neman ta inda zai fara, mutumin da ya yi shekaru yana rubuta wa manya jawabi a ofis. Bai kai ga farawa ba Sista Lydia ta leƙo daga ƙofa ta ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

"Maman Batulu! Zo, lokacin abinci ya yi, yarinyarka yana rigima."

Matan ɗakin suka waiwaya suna neman wadda ake kira. Mashkura ba ta motsa ba. Ta dubi Sista, ta dubi mijinta, ya gyaɗa mata kai. Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, har wata mata a gadon kusa ta fara guɗa ƙasa ƙasa, sauran suka ce Allah ya raya.

Sannan ta share fuska, ta dafa ɗinkinta da hannu ɗaya, ta dafa kafaɗarsa da ɗayan ta miƙe. Sunan surukarta ne, bakinta ba zai taɓa iya faɗarsa ba, ko yau ko nan gaba. Ta laluba takalminta da ƙafa, ta ɗan ture shi daga hanya.

"Matsa min, Malam," ta ce. "Hajiya na kira."